Matsafin Shikago: Wa Za a Gaskata Tsakanin Masu Yabo da Masu Kushe?

Tambaya: Wata mai karatu ta ce ta samu Storm Front, littafin farko cikin jerin labaran Harry Dresden, matsafin nan mai aikin binciken laifuka a birnin Shikago na Amurka. Da ta bi ra'ayoyin waɗanda suka riga ta karantawa sai kanta ya ɗaure. Wasu na rantsuwa ba su taɓa karanta irinsa ba, wasu sun ce ko rabi ba su kai ba suka ajiye, wasu kuma sun ce a tsallake shi a fara daga na uku ko na bakwai. Tana son sanin wa za ta gaskata, kuma ko littafin ya cancanci ta ba shi lokacinta.

Amsa:

'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari. Na daɗe ina karanta irin waɗannan littattafai, ina kuma duba rubutun masu koyon ƙirƙirar labari, kuma wannan saɓanin da kika gani a kan Storm Front ba sabo ba ne. Dukansu gaskiya suke faɗa miki. Abin da ya raba su shi ne ba littafi ɗaya suke magana a kai ba, ko da yake suna ɗaya suke kira.

Jim Butcher ya fitar da Storm Front a shekarar 2000. Zuwa 2020, da fitowar Peace Talks da Battle Ground, jerin ya kai littattafai 17, ban da gajerun labarai. Mutumin da ya ce miki littafin nan ba shi da na biyu, yawanci ya karanta goma ko fiye, ya san abin da Dresden zai zama, ya san wanda zai mutu da wanda zai ci amana. Idan ya waiwayi littafin farko, kallon da yake masa irin wanda uwa ke yi wa hoton ɗanta na jariri ne bayan ya girma ya zama mutum. Wanda kuwa ya ajiye a tsakiya, shi abin da ke kan takarda kawai ya gani, wato aikin farko na matashin marubuci da hannunsa bai faɗa ba tukuna. Saboda haka duk ra'ayin da kika ci karo da shi, ki fara neman sanin littafi nawa mai shi ya karanta kafin ya yi magana, sannan me ya zo nema. Rabin ruɗanin zai warware a nan.

Yana da kyau ki san yadda aka haifi littafin, don yana bayyana kyawunsa da aibunsa gaba ɗaya. Butcher ya rubuta shi ne yana ɗalibi a ajin koyon rubutu na Deborah Chester a Jami'ar Oklahoma, a tsakiyar shekarun 1990. Shi da bakinsa ya sha ba da labarin cewa kafin nan ya yi ta rubuta labaran takubba da sarakuna da ba su je ko'ina ba, yana ƙin bin shawarar malamar. Daga baya ya ƙudurta zai bi duk ƙa'idar da ta koyar tiryan-tiryan, don ya nuna mata cewa abin da zai fito ba zai karantu ba. Abin da ya fito shi ne wannan littafin. To idan kika ji wani mai karatu na cewa labarin a gwame yake da dabarun da aka saba gani, bai yi ƙarya ba. Haka aka gina shi da gangan. Idan kuma kika ji wani na cewa ya kasa ajiye shi har asuba, shi ma waɗannan dabarun ne suka riƙe shi.

Ga abin da ke ciki a taƙaice. Dresden shi kaɗai ne a Shikago ya sa sunansa cikin littafin lambobin waya a matsayin matsafi. Yawancin masu kiransa zolaya suke yi, kuɗin haya ma gagararsa yake. Abin da ke rufa masa asiri shi ne ɗan aikin da yake samu daga Karrin Murphy, jami'ar 'yan sanda mai kula da sashen da ake tura wa laifukan da suka fi ƙarfin bayani. Wata rana ta kira shi wani ɗakin otal, ya tarar da gawar mace da namiji, zukatansu sun faso ƙirji sun fito, babu alamar wani ya shiga ɗakin. Namijin yaron babban ɗan dabar birnin ne, Johnny Marcone. A ranar kuma wata mata ta zo ofishinsa cikin ɗari-ɗari tana neman a gano mata mijinta da ya ɓace. Ga kuma majalisar matsafa, wadda tuni take riƙe da shi a kan sharaɗi saboda ya taɓa kashe malaminsa da sihiri yana yaro, ta sa wani mai takobi, Morgan, yana bin sawunsa. Wannan kisan na otal kuwa Morgan ba ya ganin kowa a bayansa sai Dresden.

Yanzu bari mu zo kan abin da na fi ba muhimmanci, wanda yawancin masu yabo da masu kushe ba sa tsayawa a kansa. Haɗa sihiri da labarin bincike tsohuwar matsala ce a wurin marubuta. Tun 1929 Ronald Knox ya tsara dokoki goma na labarin binciken kisa, ta biyunsu kuwa ita ce kada a shigo da wani ƙarfi na gaibu. Dalilinsa a fili yake. Daɗin labarin bincike shi ne mai karatu yana tsere da mai binciken, an shimfiɗa musu alamomi iri ɗaya, kowa na ƙoƙarin riga ɗan'uwansa gano mai laifi. Da zarar an ce mai kisa zai iya ratsa bango, ko mai bincike zai iya kiran fatalwar mamaci ya tambaye ta wa ya kashe ta, tseren ya mutu. Mai karatu ya zama ɗan kallo. Marubutan da suka yi nasara a wannan fage, irin su Randall Garrett da labaransa na Lord Darcy a shekarun 1960, hanya ɗaya suka bi: su ɗaure sihirin da ƙa'idoji, su sanar da mai karatu ƙa'idojin tun da wuri, sannan su ƙi karya su ko da labarin ya shiga matsi.

A nan Butcher ya yi abin a yaba masa, tun a littafin farko. Ki lura da yadda Dresden ke tunani a ɗakin otal ɗin nan. Bai rufe ido ya ga mai laifi ba. Abin da ya yi shi ne lissafi. Ya san cewa jifa daga nesa ba ya yiwuwa sai da wani abu na jikin wanda za a jefa, gashi ko farce ko jini, don haka mai kisan ya taɓa kusantar mamatan ko ya samu wanda ya kusance su. Ya kuma san cewa fasa ƙirjin mutum biyu daga nesa na bukatar ƙarfin da ya wuce na matsafi ɗaya, don haka tambayar ta koma daga ina aka samo ƙarfin. Sunan littafin da hadarin da ke ta haɗuwa a sararin birnin suna nan gaban mai karatu tun farko, mai lura zai iya haɗa su kafin Dresden ya haɗa. Kuma da aka kafa wannan ƙa'ida ta gashi da jini, sai ta juyo kansa: a ranar da wani ya yanke masa gashi ya gudu, ba sai an yi wa mai karatu dogon bayani ba, gabansa zai faɗi da kansa, don ya san abin da gashin nan zai iya jawowa idan hadari ya sake tasowa. Wannan shi ne aikin ƙa'ida a cikin labari. Tana ba mai bincike hanya, tana kuma ba abokin gabarsa makami.

Haka sauran abubuwan suke. Na'urorin zamani suna lalacewa kusa da matsafi, shi ya sa Dresden ke zaune a ɗakin ƙarƙashin ƙasa da kyandir, yana tuƙa tsohuwar Volkswagen, ba kwamfuta ba wayar hannu. Wani zai ɗauka ado ne kawai, amma yana hana marubucin warware matsala da danna maɓalli, dole jarumin ya taka da ƙafarsa ya je ya ƙwanƙwasa ƙofa. In zai haɗa maganin sihiri, kayan haɗi takwas ne: ruwan da za a dama, biyar na gaɓoɓin ji da gani da sauransu, ɗaya na hankali, ɗaya na ruhi. In yana neman labari wurin ƙananan aljanu, sai ya zana da'ira ya ɗana tarko da gurasa da madara da zuma da ɗigon jininsa, kuma abin da aljanin zai iya gaya masa bai wuce abin da aljanin ya damu da shi ba. Majalisar matsafa na da dokoki bakwai, ta farko haramcin kashe ɗan Adam da sihiri, hukuncin kuwa sare kai. Wannan ya sa mutumin da zai iya tayar da gobara da hannunsa yake yawo da bindiga a aljihu. Masu karatun da suka ce sun ƙaunaci littafin saboda sihirinsa na da ma'ana, wannan suke nufi, kuma ina tare da su.

Sai dai masu son labarin bincike zalla su ma suna da hujja in suka ce bai gamsar da su ba. Ƙa'idojin sun yi kyau, amma ƙullin kansa sirara ne. Duk wanda ya karanta labaran bincike na Amurka ko da kaɗan ya san cewa idan aka kawo wa jami'i ayyuka biyu a rana ɗaya, a ƙarshe aiki ɗaya ne. Waɗanda za a iya zargi ba su da yawa. Sau da dama kuma ba basirar Dresden ce ke buɗe hanya ba, dukan da ya sha ne, ko wani ya gaji da ɓoyo ya faɗa masa. In ke mai son a wahalar da ƙwaƙwalwarki ce har shafin ƙarshe, za ki riga shi isa, ki zauna kina jiransa.

Abu na biyu da ke raba kan jama'a shi ne muryar mai ba da labari. Dresden ne ke magana da bakinsa daga farko har ƙarshe, da irin salon da aka gada daga Dashiell Hammett da Raymond Chandler na shekarun 1930 zuwa 1940: namiji shi kaɗai, aljihu babu komai, baki da kaifi, ga taurin kai a kan abin da yake ganin daidai ne. Butcher ya ɗauki wannan ya ƙara masa barkwanci da ambaton finafinai da littattafan yara. A littafin da aka rubuta da "ni", murya ita ce kusan komai, domin ba inda za ki gudu ki huta da ita. Wanda barkwancin Dresden ya yi masa daɗi zai yafe masa kurakurai da yawa. Wanda bai yi masa ba, kowane shafi nauyi ne. Wannan ba abin gardama ba ne, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Babi uku na farko sun isa su gaya miki ɓangaren da kike.

Akwai ƙorafin da ba zan so ki ɗauke shi da wasa ba, don shi ne ya fi korar masu karatu, musamman mata: yadda littafin ke kallon mace. Kusan duk macen da ta shigo, sai an tsaya an siffanta jikinta kafin a ji abin da ke bakinta, 'yar jarida ce ko shaida ko mai neman taimako. Har a wurin da bai kamata hankalin mutum ya je can ba, yana zuwa. Dresden na alfahari da cewa shi mutumin da ne, mai buɗe wa mata ƙofa, mai ganin kare su wajibinsa ne ko sun nema ko ba su nema ba. A gaban gawarwakin nan ma ya yanke cewa mai kisan mace ce, wai don mata sun fi iya riƙe ƙiyayya, Murphy kuwa ta ba shi amsar da ta dace da shi nan take. Akwai kuma wani yanayi da aka gina a kan maganin soyayya da wata ta sha bisa kuskure, aka mayar da shi abin dariya, alhali in aka tsaya aka duba, mace ce aka gusar wa hankali.

Masu kare littafin suna cewa ai wannan halin Dresden ne, ba na marubucin ba, kuma labarin na hukunta shi a kai. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Hasashensa game da mai kisan bai tsaya ba. Son kare mata da yake yi ta hanyar ɓoye musu gaskiya ya sha jefa su cikin haɗarin da ya fi wanda yake gudar musu, a wannan littafin da na bayansa, kuma a hankali ya fara gane haka. Murphy kanta ta zama ɗaya daga cikin mutanen da aka fi ginawa da kyau a jerin gaba ɗaya. Amma ni ban yarda wannan amsar ta share ƙorafin duka ba. Marubuci ne ke zaɓar inda ido zai sauka da tsawon lokacin da zai daɗe a wurin. In da halin jarumi ne kawai ake son nunawa, sau biyu ko uku sun isa mai karatu ya gane. Idan abin ya zama kowace mace, kowane littafi, har da waɗanda shekarunsu bai kamata a yi musu irin wannan kallon ba, to ya wuce siffanta hali. Ya ragu a littattafan baya, bai ɓace ba. Duk wanda ya ce miki ki daure zai wuce gaba ɗaya, bai gaya miki daidai ba. Mata da yawa suna karanta jerin suna jin daɗinsa tare da sanin wannan aibin, wasu kuma sun ga ba za su iya ba, kuma babu wadda ta yi kuskure a cikinsu.

Ƙorafin da ke biye da wannan shi ne na ɓoye-ɓoye tsakanin Dresden da Murphy. Yana da bayanin da zai taimaka mata, ya ƙi faɗa saboda dokar majalisa da kuma tsoron kada ta cutu, ita kuma ta fara zarginsa, har ta kai ga sa masa ankwa a daidai lokacin da bai kamata ba. A littafin farko ana iya haƙuri da shi. A na biyu, Fool Moon na 2001, mai labarin mutanen da ke rikiɗa su zama kyarkeci, an maimaita shi har ya gundura, shi ya sa za ki ga masoya jerin da yawa suna sa shi a ƙasan jadawalinsu. A wurin masu koyar da rubutu wannan sanannen rauni ne: rikicin da magana ta minti biyu za ta kashe, amma aka hana mutanen yin maganar don labari ya yi tsawo. Butcher ya gyara wannan a littafi na huɗu, Summer Knight, inda Dresden ya zaunar da Murphy ya buɗe mata komai, kuma daga nan alaƙarsu ta zama abin da ke riƙe jerin.

Masu cewa littafin ba ya barin mutum ya numfasa kuwa, wannan daga ajin Chester ya fito. Tsarin da take koyarwa shi ne kowane yanayi jarumi ya shigo da buƙata, ya gamu da mai hana shi, ya fita al'amarinsa ya fi da lalacewa. Sai a ba shi ɗan lokaci ya ji zafin abin, ya auna zaɓin da ya rage masa, ya yanke shawarar da za ta jefa shi cikin yanayi na gaba. Butcher na bin wannan sau da ƙafa. Shi ya sa kusan kowane babi ke ƙarewa da sabuwar masifa, shi ya sa kuma Dresden ke isa ƙarshen kowane littafi ba barci, ba abinci, jiki duk rauni. Wasu wannan ne ke sa su kwana karatu. Wasu kuma bayan littafi uku sun gano ƙirar, sun daina jin tsoro.

Mazauna Shikago suna da nasu ƙorafin. Butcher mutumin jihar Missouri ne, kuma lokacin da ya fara rubutun bai san birnin da ƙafarsa ba. Sun sha nuna wuraren da ya sa abu inda ba ya nan, wanda aka fi ambata shi ne makeken wurin ajiye motoci da ya ba filin wasa na Wrigley, filin da ke tsakiyar unguwa a matse. Sun kuma ce birnin da ke cikin littattafan farko bai nuna yawan baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka da ke cikin Shikago ta gaskiya ba. Ga wanda bai san birnin ba, na farkon ba zai dame shi ba. Na biyun kuwa ana jin sa ko daga nesa.

To, batun a fara daga na uku ko na bakwai. Masu wannan shawara ba su faɗe ta a banza ba. Grave Peril, na uku, a nan ne duniyar labarin ta buɗe. Aka shigo da Michael Carpenter, mutum mai imani da iyali wanda ke ɗauke da takobi mai tsarki, wanda zamansa kusa da Dresden ya sa aka fara ganin jarumin ta idon wani. A nan ne kuma Dresden ya yi zaɓin da ya haddasa yaƙi tsakanin matsafa da wata daular masu shan jini, yaƙin da sai a littafi na 12, Changes na 2010, aka ga ƙarshensa. Abin da masoya jerin suke ƙauna ke nan a gaskiya: abin da aka yi a littafi na uku ana biyan bashinsa a na goma sha biyu, rauni ba ya warkewa don an buɗe sabon littafi, yaron da aka gani a gefe yana girma ya zama babban mutum a labarin.

Dead Beat kuwa, na bakwai, wanda ya fito a 2005, shi ne na farko da aka fara bugawa da bango mai tauri, kuma an rubuta shi yadda sabon shiga zai iya fahimta. Zan ɗan taɓa abin da ya faru a ciki, don shi ne misali mafi kyau na abin da na faɗa a kan ƙa'ida. In ba kya son a ɓata miki, ki tsallake zuwa sakin layi na gaba. An kafa tun farko cewa dokar majalisa ta hana tayar da matattun mutane, an kuma kafa cewa gwargwadon daɗewar gawa, gwargwadon ƙarfinta in an tayar da ita. Dresden ya shiga halin da ba shi da mafita sai da irin wannan sihirin. Sai ya tuna dokar mutane ta ambata, ba dabbobi ba, kuma a gidan tarihi na Field da ke birnin akwai ƙasusuwan Sue, ƙatuwar dabbar nan ta zamanin da mai shekaru miliyoyi. Abin da ya biyo baya shi ne yanayin da masu karatu suka fi ambata a jerin duka. Abin da ya sa ya yi aiki ba girman dabbar ba ne. Duk abin da ake bukata don a hango shi an riga an ajiye shi a gaban mai karatu, sai dai bai haɗa ba, kuma da ya faru sai ya ji ai dole haka za a yi.

Duk da haka ni ba na ba da shawarar tsallake na farko ga mai irin tambayarki. Dalilina shi ne Storm Front gajere ne, kuma gwaji ne na gaskiya. Abubuwan da suka gyaru daga baya su ne ƙulli, zurfin mutane, da faɗin duniya. Abubuwan da ba su canza sosai ba su ne murya, barkwanci, saurin gudu, da kallon mata. In waɗannan ne suka kore ki a littafin farko, na bakwai ba zai dawo da ke ba. In kuwa kin ji muryar ta shige ki amma kin ga labarin bai ƙoshi ba, to ke ce wadda ake ce wa ki ci gaba, kuma za ki iya wuce Fool Moon da sauri ko ki karanta taƙaitawarsa. Ba na jin daidai ne a ce wa mutum ya jure littattafai uku da ba ya so kafin ya sami ikon yin ra'ayi. Littafin da aka sayar shi kaɗai, ana da haƙƙin auna shi shi kaɗai.

Akwai wani rukuni da ba ki ambata ba, amma za ki haɗu da su in kin yi nisa: waɗanda suka fi son littattafan farko a kan na baya. Su abin da ya jawo su shi ne ɗan ƙaramin ofis, talakan matsafi, gawa ɗaya da tambaya ɗaya. Daga Changes zuwa gaba labarin ya koma na sarakunan aljanu da yaƙe-yaƙen da ke girgiza birni, binciken ya ja baya ƙwarai. Butcher ya daɗe da faɗin cewa shirinsa littattafai ashirin da 'yan kai ne, sannan manya uku na rufewa, don haka wannan girman da gangan ne. Amma wanda ya zo don bincike yana da dalilin jin an canza masa abin da ya saya. Wannan ma ya ƙara nuna miki cewa "ya fi kyau daga baya" magana ce da ta dogara da abin da mai faɗinta yake so.

Ki kuma lura da ta wace hanya mai ra'ayin ya san labarin. Da yawa daga masu tsananin ƙaunarsa sauraronsa suka yi, ba karantawa ba, da muryar ɗan wasan nan James Marsters, wanda ya ba Dresden gajiya da taushin da ba kullum ake samunsu a kan takarda ba. Barkwancin da zai iya zama ƙaiƙayi a rubuce, a bakinsa yakan zauna daidai. Wasu kuma ta shirin talabijin na 2007 suka shigo, wanda Paul Blackthorne ya fito a matsayin Dresden, aka yi kashi 12 aka tsaya. Shirin ya canza abubuwa da yawa, har Bob, ruhin da ke zaune cikin ƙoƙon kai yana ba Dresden shawara, an mai da shi fatalwar mutum mai fitowa a gan shi. Ra'ayin wanda ya san shirin kawai ba zai gaya miki komai game da littafin ba.

Ni a wurina Storm Front matsakaicin littafi ne mai kyakkyawan tushe. Ƙullinsa bai kai ba, matansa an zalunce su a rubutu, amma sihirinsa na da ƙa'ida da farashi, kuma jaruminsa mutum ne da ke tsayawa a kan abin da ya yarda da shi ko da zai rasa komai, wanda shi ne dalilin da ya sa mutane suka bi shi shekaru sama da ashirin. Ki karanta babi shida na farko. A cikinsu za ki ga ɗakin otal, za ki shiga motar Marcone ki ga yadda suka kalli cikin ran juna shi da Dresden, za ki ga tarkon aljani, za ki kuma ga yadda ake siffanta mata. In kin kai nan kina son sanin abin da zai biyo baya, ki ƙarasa, sannan ki nemi Grave Peril. In kuma kin ji ya ishe ki amma har yanzu kina sha'awar haɗin sihiri da bincike, ki gwada Rivers of London na Ben Aaronovitch, na 2011, inda ɗan sanda ne na gaske a Landan yake koyon sihiri, aikin binciken ya fi bin tsarin 'yan sanda, marubucin kuma ya san titunan birninsa.